Ƙafar dama ta gaji, Baba ya ce a rataye takalmin taya

Assalamu alaikum Kawu. Ni saurayi ne ɗan shekara 19 a Birnin Kebbi. Shekara uku ke nan ina hawan takalmin taya, kuma na tsere nake yi, ba na cikin masu maƙale wa bayan mota a titi. Mu bakwai ne, muna atisaye a wani fili mai daɓen siminti kullum bayan sallar Asuba ban da Juma'a. Ta hannun hagu muke zagayawa, domin mai horar da mu ya ce haka ake yi a gasa. Wata huɗu da suka wuce na fara jin wani ƙullutu kamar ƙwayar gurjiya a cikin naman mazaunina na dama. In na danna shi sai zafin ya gangaro ta gefen cinya, wani lokaci har ƙauri. Da mun yi zagaye goma sha biyar sai ƙafar dama ta mutu, ta hagu kuwa ko gezau. Da na je awon ɗinkin Sallah, tela ya ce cinyata ta dama ta fi ta hagu kauri, abin ya ƙara tsorata ni. Inna ta kai ni wajen wanzami ya yi mini ƙaho, na ji sauƙi kwana biyu, ciwon ya dawo. Wani abokina yana ba ni ƙwaya kafin atisaye, ya ce tiramol ce ƙarama. Mai horar da mu ya ce ragwanci ne. Baba ya gan ni ina ɗingishi bayan Magariba, ya ce in rataye takalmin in dawo shagonsa na shinkafa, ba zai zuba ido ɗansa ya nakasa a kan wasan yara ba. Akwai gasa a kudu nan da mako bakwai, kuma ni aka zaɓa. Ban taɓa saɓa wa Baba ba, amma barin wasan nan kamar yanke mini wani sashe na jiki ne. Kawu, ƙafar nan ta lalace ne?

Wani matashi, Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam, ɗana. Tambayar da ka rufe takardarka da ita zan fara amsawa, domin na san ita ce ke hana ka barci. Abubuwan da ka zayyana, ƙullutu mai zafi a cikin tsoka, zafin da ke gangarowa in an danna, da ƙafa ɗaya da ke riga 'yar'uwarta gajiya, sun fi kama da na ƙafar da aka jibga wa aikin mutum biyu har shekara uku. Irin wannan yana gyaruwa, da yardar Allah. Kuma ba kai kaɗai ba ne, manyan gwanayen wasan nan na duniya suna fama da shi, har jami'o'i sun zauna suna nazarinsa.

Wasanku yana da babban wa a ƙasashen sanyi, wato tseren zamiya a kan ƙanƙara. Suna da babban fili mai zagayen mita 400, wanda mutanen Holan suka yi fice a kansa, da ƙaramin fili mai zagayen mita 111. A dukkansu ta hagu ake juyawa, don haka mai horar da ku bai yi ƙarya ba. To amma dubi abin da ke faruwa a kwana, wato wurin da fili ya lanƙwasa ake juyawa. Jikinka ya kwanta ta ciki, gwiwa a lanƙwashe kamar wanda zai zauna a kujerar tsugunno bai ƙarasa ba, ƙafar dama tana waje tana tokare nauyinka da ƙarfin gudun da ke neman jefa ka waje. A ƙaramin fili akwai lokacin da ita kaɗai ke ɗauke da mutum a tsakiyar kwana. Tsokar da ta ɗaure tamau a wannan hali tana matse ƙananan hanyoyin jinin da ke cikinta, kamar yadda ruwa ke tsayawa in ka taka tiyon ban ruwa a fadama. Sai ƙafar ta saki sannan jini ya shigo da iskar oksijin. Masu bincike a Ingila sun ɗaura wa 'yan tseren ƙaramin fili na'urar auna oksijin a cinyoyi, suka ga cinyar dama ce ke zama cikin ƙarancinsa, domin kafin ta farfaɗo wata kwanar ta iso. A ƙasar Poland kuma an auna manyan 'yan wasa mata, aka tarar tsokar mazaunin dama ta fi ta hagu saurin gajiya.

Yanzu ka dawo filinku. Daɓen siminti irin wanda ka faɗa da wuya ya ba ka miƙaƙƙiyar hanya mai tsawo, rabin ranka a kwana kake. A ce zagaye hamsin kuke yi kullum, kowane zagaye ana shan kwana sau biyu. Ɗari ke nan a rana, ɗari shida a mako, wajen dubu talatin a shekara, kuma babu ko ɗaya da aka yi ta dama. Jiki magayi ne. Ƙafar ta yi haƙuri ma da ta kai shekara biyu da rabi kafin ta yi magana.

Maganar tela kada ta tayar maka da hankali. Babu ɗan Adam da ɓangarorinsa biyu suke daidai wa daida. Ka dubi ɗan dambe, hannun da ake naɗe wa kara daban yake da wanda yake karewa da shi. Ka dubi matuƙin kwalekwale a Yawuri da ya saba tuƙi ta gefe guda, kafaɗunsa za su gaya maka gefen. Cinyar da ta fi aiki takan fi kauri, kuma kaurin bai hana ta zama wadda ta fi galabaita ba. In kana son shaida ta biyu, kifa takalmanka ka duba tayoyin. Ina kyautata zaton za ka ga sun cinye ta gefe ɗaya kamar bakin wuƙa, kuma na dama da na hagu ba iri ɗaya suka ci ba. Tayar da ta karkace tana karkatar da idon sawu, shi kuma ya miƙa wa gwiwa da ƙugu. Ka riƙa sassauya musu wuri da fuska, wadda ta ƙare ka canza ta ko da ta gwanjo ce.

Shi kuma ƙullutun, likitoci sun daɗe da saninsa. Wata likita 'yar Amurka, Janet Travell, wadda ta duba lafiyar Shugaba Kennedy a fadar gwamnati, ita ta fi kowa yin suna a kansa tun wajen shekarun 1940. Wani ɗan zare ne a cikin tsoka yake ɗaurewa ya ƙi saki, in ka bi shi da yatsa za ka ji kamar igiyar da aka ja, a jikinta kuma akwai wuri guda da ya fi ko'ina zafi. Halinsa shi ne aika zafi inda ba shi yake ba. Akwai wata ƙaramar tsoka can ciki a gefen mazauni wadda ƙullinta ke tura zafi ta gefen cinya har ƙauri, sak yadda ka kwatanta, har mutane su ɗauka jijiyar baya ce ta matse. Iri biyu ne kuma. Akwai mai ciwo da kansa, irin naka na dama, akwai mai kwanton ɓauna wanda ba ka jin sa sai an danna, amma yana rage wa tsoka ƙarfi yana sa ta gajiya da wuri. Don haka kada ka yarda da shirun ƙafar hagu. Ita ma tana da nata wahalar, domin ita ke kutsawa ta ƙarƙashin jiki a kowace kwana. Ka lalubi cinyarta ta ciki da gefen ƙugu, mai yiwuwa ka ci karo da abin da zai sa ka zabura. Masana har gobe suna muhawara a kan ainihin abin da ke cikin ƙullin, amma kansu ya haɗu a kan cewa aikin da ya wuce ƙima, wanda ake maimaitawa ba hutu, yana gaba cikin masu haifar da shi.

Duk wannan daga takarda nake faɗa, ita kuwa ƙafa sai an taɓa ta. Cikin makon nan ka je babban asibiti, ko Sir Yahaya ko na tarayya da ke nan Birnin Kebbi, likita ya duba ka, ka roƙi a tura ka wajen likitocin fisiyo, waɗanda muke ce wa masu gashin ƙashi. Dalilin da ya sa na matsa shi ne akwai cututtukan da ke ɓuya a bayan ciwon ƙugu. Na farko a ƙasarmu sikila ce. Ka san rukunin jininka na gado? In ba ka sani ba a gwada, domin mai SS ko SC kan ƙashin cinyarsa yana iya rasa jini ya fara lalacewa, kuma da ɗingishi da ciwon matsematsi yake farawa. In ƙafar tana sagewa, ko kana jin kamar tafiyar kiyashi har yatsu, ko tafin ƙafar yana faɗuwa in kana tafiya, ko ciwon yana tashe ka cikin dare, ko akwai zazzaɓi, ko sharaɓa ta kumbura ta yi zafi, to ranar da ka ga haka ranar za ka tafi. Ka kuma gaya wa likitan in an taɓa yi maka allura a mazaunin nan ta bar maka ciwo, ko ka taɓa karaya kana yaro.

Ƙwayar abokinka ita ce ta fi komai tayar mini da hankali a takardarka. Ka daina, ɗana. Babu ƙaramar tiramol ga saurayin da likita bai rubuta masa ba. Ba ta kwance ƙulli, bakin ciwon kawai take toshewa ka ci gaba da ɓarna ba ka sani ba. Tana sa jiri da jinkirin hankali, tana iya kawo farfaɗiya, kai kuma kana kan taya a kan siminti. Tana kama mutum tun bai ankara ba, kuma kai ma ka san samarin da ta mayar abin tausayi a unguwanninmu. Ko ta fuskar wasan ma, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta ta a lokacin gasa tun farkon 2024. In ka kai makonni kana sha kullum, kada ka yanke ta dare ɗaya kai kaɗai, ka faɗa wa likitan gaskiya ya nuna maka yadda za ka sauka. Haka ƙwayoyin ciwon jiki irin su daikulofinak da ake saya a kemis, shan su kullum ga mai zuba gumi a zafin Kebbi yana cutar da ƙoda da ciki.

Inna ta yi abin da uwa ke yi, ta ga ɗanta cikin ciwo ta nufi maganin da ta sani. Ka gode mata. Sauƙin kwana biyun da ka ji gaskiya ne, tsoka takan ɗan saki in an ja ta an ɗumama ta, sai dai da ka koma zagayen hagu abin da ya ƙulla ta ya sake ƙulla ta. Abin da zan roƙa shi ne kada a kai ga tsaga ko sa wuta a wurin, kuma kada askar da ta taɓa jinin wani ta taɓa ka, saboda ciwon hanta. Ka ba Inna wani aikin a madadin haka: ta dafa maka ruwa da dare, a jiƙa tawul a gasa wurin minti goma sha biyar. Bayan gashin ka sami ƙwallon tanis, ka jingina da bango ka sa ta tsakanin bangon da ƙullutun, ka danna har ka ji zafin da za ka iya jurewa kana numfashi a natse. Ka tsaya a haka rabin minti zuwa minti ɗaya, za ka ji zafin yana narkewa a hankali. Sau biyu ko uku ya isa. Kada ka murje shi da mugunta har wurin ya yi tabo, wannan ƙara fusata shi ne. Daga nan ka kwanta rigingine, ka ɗora idon sawun dama a kan gwiwar hagu, ka jawo cinyar hagu zuwa ƙirji ka riƙe rabin minti. In likitan fisiyo ya ga ana buƙatar soka siririyar allura a ƙullin, aikinsa ne shi da ya koya, ba na mai kemis ba.

Amma maganin na gaskiya a filin atisaye yake. Mako biyun farko ka bar zagaye da shan kwana gaba ɗaya. Ka yi tafiya, ka hau keke. A cikin kwanakin ka auna kanka. Ka zauna a kujera ka tashi da ƙafa ɗaya, ka ƙirga nawa dama ta yi, nawa hagu ta yi. Ka tsaya da ƙafa ɗaya ka yi tsalle gaba, a sa alama da gawayi, ka sake da ɗayar. Ka ari tef ɗin telan nan ka auna kowace cinya a tazara ɗaya daga ƙoƙon gwiwa. Ka rubuta komai a littafi da kwanan wata. Masu horar da 'yan wasa sukan fara damuwa in bambancin ƙarfi ya haura kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Sai ka shiga gina ƙafafun ɗai-ɗai, sau uku a mako: hawa dakali da ƙafa ɗaya, ɗaga ƙugu kana kwance da ƙafa ɗaya a ƙasa, ɗaga ƙafa ta gefe kana kwance a kan haƙarƙari. Kullum ka fara da mai rauni, kuma adadin da ta iya shi za ka ba ɗayar. In ka koma zagaye, ɗumama jiki da saukar da shi duk ta hannun dama za ka yi su, a bar wa hagu ainihin gudun. Da farko za ka ji kamar ranar ka fara koyon taya, kada ka ji kunya. Kwana shida a jere kuma ya yi yawa. Ka mayar da su huɗu, kada ranakun wuya biyu su haɗu. Ka sha ruwa sosai, musamman daga Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40, ka ci wake da kifi da ƙwai da nono gwargwadon hali, ka kwanta da wuri tunda da Asuba kake fita.

Mai horar da ku ya yi kuskure da ya kira wannan ragwanci, rago ba ya fitowa kwana shida a mako har shekara uku. Amma kada ka riƙe shi a zuci. Yawancin masu irin wannan aiki a garuruwanmu don so suke yi, babu albashi, kuma yadda aka horar da su haka suke horarwa. Wataƙila kuma tsoro yake ji kada wanda ya zaɓa ya zame masa ana saura mako bakwai. Ka same shi shi kaɗai, ba a gaban yara ba, ka nuna masa takardar asibiti da littafin awonka, ka roƙe shi a gwada sauran shidan su ma. Zan yi mamaki in ba a sami biyu ko uku da irin ƙullinka ba, kuma in ya gani da idonsa shi da kansa zai juya zagayen.

Saura Baba, kuma nan ne nake so ka fi natsuwa. Mutumin nan bai ga oksijin ba, bai ga shan kwana sau dubu talatin ba, ɗansa ya gani yana jan ƙafa daga masallaci. Duk uban da ya ga haka bai ce komai ba, shi ne abin tuhuma. Kuma ka lura, a ɗingishi ya gano, ba daga bakinka ya ji ba, wata huɗu kana ɓoye masa. Wannan ɓoyon ya fi takalmin ɓata lamarin. Yana da gaskiya ta wani gefen kuma: a ƙasar nan wasan taya bai kai ga riƙe gida ba ga akasarin masu yin sa, shagon shinkafa kuwa shi ya ciyar da kai har ka yi ƙarfin hawa taya. Na san za ka so ka ba shi labarin Erin Jackson, baƙar fatar Amurka da ta taso a kan takalmin taya a Fulorida, ta koma ƙanƙara, ta ci zinare a tseren mita 500 a gasar Olamfik ta Beijin a 2022. Labarin gaskiya ne, ka riƙe shi don ƙarfafa kanka, amma ba shi zai sauko da Baba ba. Abin da zai sauko da shi shi ne ya ga ɗansa ya san ciwon kansa.

Ka bari ya ci abincin dare ya huta, ka durƙusa ka ba shi haƙuri a kan ɓoyon, har da maganar ƙwayar in za ka iya, domin gara ya ji daga gare ka. Ka ce masa ka bi umarninsa ka ajiye takalmin har mako biyu, sannan ka roƙe shi ya raka ka asibiti ya ji da kunnensa. Ka kawo masa tsari: atisaye kwana huɗu, ƙarfe takwas ta same ka a shago, kuma in likita ya ce a bari, ka bari ba musu. A shagon ma ka kula, ɗaukar buhu a kafaɗa ɗaya kullum ɗan'uwan zagayen hagu ne, ka riƙa sauyawa. In duk da haka ya ce a'a, kada ka fita ta bayan gida da takalmi a jaka. Ka bi maganarsa, ka ci gaba da gyaran ƙafar a tsakar gida tunda wannan bai hana ba, ka nemi Inna ko wani baffanka da yake jin nauyinsa su sa baki bayan ƙura ta lafa. Iyaye sukan sassauta wa ɗan da suka ga ya bi umarni yana kuma roƙo da ladabi.

Gasar kuwa, kada ka yanke hukunci yau. Ka ba kanka mako huɗu, sannan ka sake awon nan da kujera da gawayi. In ɗingishin ya tafi, ƙullin ya daina aika zafi ƙasa, ƙafafun sun kusanci juna, kana iya cikakken atisaye ba tare da ƙwaya ko ɗaya ba, likita ya yarda, Baba ya sa albarka, to ka tafi, Allah ya ba da sa'a. In ɗaya daga ciki bai samu ba, ka gaya wa mai horar da ku da wuri don ya shirya wani cikin abokanka, kai kuma ka nufi ta gaba. Ka rubuto mini bayan mako huɗun da alƙaluman da ke littafinka da sakamakon gwajin jinin, ka kuma gaishe mini da Baba da Inna.